Jaridar da Abu Yusuf Ya Kawo Makka

Tun da na dawo daga Makka ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a masallacin unguwa, har a shagon wanzami, kowa sai ya ce in ba shi labari. Na ba da labarin jirgi har na gaji, na ba da na zamzam da na tattabarun Harami, amma duk sanda na iso kan tsohon nan na ƙasar Cile sai wani ya katse ni da tambayar ko na haɗu da surukinsa a Minna. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta shi daga farko har ƙarshe, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta a gida.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Garba, aikina fassara labarai a gidan rediyo a Kaduna. Takarda takan zo da Turanci, in juya ta Hausa, wani mai murya ya shiga ɗaki ya karanta. Shekarata tara ina wannan aiki. Ban yi niyyar tafiya bana ba. Kawu Ɗanjuma ne, yayan mahaifiyata, marini a Zariya, ya ce shi ba zai hau jirgin sama ba sai tare da wanda ya iya karanta abin da aka rubuta a jikin ƙofofi. Uwata ta dube ni, magana ta ƙare.

Kwananmu uku a sansanin alhazai a Kano muna jiran jirgi. Kayana jaka ɗaya ce. Na Kawu kuwa akwai kwandon goro, da kilishi, da daddawa, da kuka, da wani gwangwanin yaji da matarsa ta daka ta liƙe murfinsa da tsumma. Da jirgi ya tashi ya kama wuyan hannuna, bai sake ni ba sai da muka sauka shan mai a Hartum. Duk sanda jirgin ya ɗan karkata sai ya raɗa mini cewa direba ya ɓata hanya. A Hartum ya ɗauka mun iso, ya sauko yana Labbaika da ƙarfi, har wani mai shara a filin jirgin ya jingine tsintsiyarsa ya ce masa da Hausar Katsina tsantsa, “Baba, da saura.” Ashe kakansa ne ya taso zuwa Makka a ƙafa, tafiyar ta tsaya a nan.

A Jidda likita ya ga hannuwan Kawu, waɗanda shekara hamsin na baba ya mayar shuɗaye har gwiwar hannu, ya ja da baya ya kira ɗan'uwansa. Na yi ta bayani da Larabcin makaranta, irin na littafi, su kuma suna ta dariya, don wai ina magana kamar mai huɗuba. Daga ƙarshe Kawu ya ciro rawaninsa ya kwaikwayi yadda ake tsoma shi a karofi, suka gane. Mai duba kaya shi kuma ya ɓalle gwangwanin yajin ya kai hanci. Ya yi atishawa, Kawu ya yi masa addu'a. Ya sake yi, Kawu ya sake. A ta biyar mutumin ya ɗaga mana hannu, idonsa jawur, ya ce mu wuce da kayanmu duka.

Ba zan tsaya kan ganin Ka'aba ba, don waɗanda suka je sun sani, waɗanda ba su je ba kuma bakina ba zai isar musu ba. Abin da zan faɗa kawai, Kawu ya yi wata uku yana haddace addu'o'i a bakin karofi, amma da ya ɗaga ido ya gan ta duk suka gudu. Ya tsaya yana kiran sunan uwarsa da na ubansa, yana maimaitawa, har turmutsutsu ya tura mu cikin ɗawafi.

Muɗawwifinmu, wato mai masaukin da ke yi wa alhazai jagora, ya sauke mu a Jarwal, a wani dogon gida mai tagogin katako. Mu tara a ɗaki. Ruwa kuwa wasu mutane ne ke hawo da shi a garwa, kuma rabinsu Hausawa ne da suka zo aikin Hajji suka zauna. In motar masu duba takardun zama ta shigo layi, sai ka ga garewani a ƙasa babu masu su. Abinci ne ya kusa raba mu da Kawu. Da safe doguwar gurasa da wake damamme da mai a kai, da rana shinkafa da naman rago babu miya. Kawu ya ce shi bai taɓa ganin garin da ake kawo wa baƙo shinkafa tsirara ba. Rana ta huɗu ya ture kwanon ya kwanta ya juya wa kowa baya. Wani mai ɗebo ruwa, Bazazzagi, ya ji tausayinsa ya ce mu gangara Misfala mu tambayi gidan Hajiya Mairo.

Hajiya Mairo Bagobira ce. Tana da shekara bakwai iyayenta suka taso da ita, ta iso Makka tana budurwa, ita kaɗai. Ta yi aure a nan, mijin ya rasu, yanzu tana tuƙa tuwo a zauren gidanta don irin su Kawu. Tana ganinmu ta ce, “Ku tafaddal, ya hujjaj, ku zamna.” Haka Hausarta take, rabi ta Gobir rabi Larabci. Kawu ya cinye malmala uku, sannan ya ba ta kukarsa da daddawarsa duka. Daga ranar muka koma 'yan gida. Ɗanta Umar, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana da shagon ɗinki jikin zauren. Shi haifaffen Makka ne, yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ya riƙa lalubo kalmomi ɗaya-ɗaya.

Akwai wata rediyo a zauren da Hajiya ke lulluɓewa da kyalle mai ado, wadda takan kamo tashar gida in an yi sa'a. Kawu bai iya riƙe abu ba, ya gaya mata cewa duk labarin da ta ji a ciki ɗan ƙanwarsa ne ya rubuta. Shi ke nan, sunana ya koma Ɗan Rediyo. Na ce ni ba ni ne mai karantawa ba, ba wanda ya saurare ni. Kullum bayan la'asar sai an sa ni in gyara murya in karanta musu labaran zauren. Nakan ce, “Rahotanni daga Misfala na cewa an samu ƙarancin miyar kuka, ana kuma zargin wani marini daga Zariya.” Masu cin tuwo su yi ta dariya har su ƙware.

A nan muka san Abu Yusuf. Tsoho ne fari, siriri, da ya kama ɗaki a saman shagon Umar. Da safe yakan sauko ya zauna a benci sanye da wani bargon ulu mai baƙi da fari, wanda aka huda a tsakiya aka zura kai. Masu ɗebo ruwa suna ce masa Mai Bargo. Kawu ne ya fara zuwa wurinsa, ba don komai ba sai don baƙin da ke jikin bargon. Ya kama gefensa ya murza, ya shinshina, ya tofa yawu ya goga a farar rigarsa, bai zuba ba. Ya ɗaga masa babban yatsa. Tsohon ya kama hannun Kawu ya jujjuya, ya yi murmushi. Da hannu da ka suka yi hirar awa guda, daga baya Kawu ya tabbatar mini cewa da saiwar itace da baƙin taɓo aka rina, wai mutumin ne ya gaya masa.

Kawu ya ɓara goro ya ba shi. Tsohon ya tauna, fuskarsa ta tattare, amma ya haɗiye. Shi kuma ya hau sama ya sauko da wani ɗan ƙoƙo cike da busasshen ganye, ya zuba ruwan zafi, ya soka wani bututun ƙarfe ya miƙa wa Kawu. Kawu ya zuƙa, idonsa ya kawo ruwa, shi ma ya haɗiye. Kowa ya yarda ɗan'uwansa namiji ne. Daga nan kullum da hantsi sai a zauna, ƙoƙon yana zagayawa daga hannu zuwa hannu, kowa da bututu ɗaya, har da ni da Umar.

Umar ne ya ba mu tarihinsa. Mutumin Sham ne. Yana saurayi ya shiga jirgin ruwa ya tafi Cile, can ƙarshen Amirka ta Kudu, ya riƙa yawon koli da allura da zare ƙauye-ƙauye. A kudancin ƙasar, inda ake sanyi da ruwan sama kusan kullum, ya faɗa cikin wasu mutane da ake kira Mapuce, waɗanda su ne asalin masu wurin tun kafin Turawa su zo. Ya ce ma'anar sunan ma mutanen ƙasa. Manoman alkama ne da dankali, masu kiwon tumaki. Ya auri 'yarsu, ita ta saƙa bargon, ya zauna shekara arba'in da wani abu, bai sake ganin Sham ba.

Abin da ya fi ɗaure wa Kawu kai shi ne sunan. Da aka gaya masa Abu Yusuf na nufin uban Yusuf, kuma Yusuf ɗin ɗan fari ne, ya riƙe baki. Ya ce a wurinmu mutum ya mutu bai kama sunan ɗansa na fari ba don kunya, su kuma a nan da shi ake kiransu a kasuwa. Da Umar ya fassara, tsohon ya ce shi yana son a yi ta kiransa da shi. Ba mu gane ba a lokacin.

Wata safiya Hajiya, cikin alfahari, ta gaya wa Abu Yusuf aikina. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ƙoƙon ya zagayo, ya karɓa daga hannun Kawu ya tsallake ni ya miƙa wa Umar. Washegari ma haka. A hanyar Jarwal Kawu ya tsare ni da tambayar me na yi wa abokinsa. Na rantse ban yi masa komai ba. Ya ce to in nemo abin da na yi, don shi bai zo Makka don a ɓata masa zumunci ba.

Kwana biyu kafin a fita Minna, bayan la'asar, zaure cike, ana jiran in fara wasana, sai ga Abu Yusuf ya shigo da wani abu naɗe a leda. Ya warware, shafin jarida ne da ya sha ninki. Akwai hoton wata rumfa da ta ƙone, da na wani mutum da aka naɗe wa kai da bandeji. Ya ce ta bakin Umar, tunda ni gwani ne, yana so in karanta wa jama'a wannan da harshenmu, yadda nake yi a wurin aiki. Shi zai juya daga harshen jaridar zuwa Larabci, Umar ya ba ni, ni in gyara.

Na ji daɗi, na ɗauka sulhu ne. Suka ba ni jimla-jimla, ni kuwa hannuna ya saba, kafin su rufe baki na ɗinke. Na gyara murya na ce:

“Wasu gungun 'yan ƙauye ɗauke da sanduna da gatura sun far wa wata babbar gona a kudancin ƙasar ranar Talata, inda suka ƙone rumbun ciyawa suka kuma raunata wani mai gadi, magidanci mai 'ya'ya uku. Mai gonar ya ce an daɗe ana zaune lafiya kafin masu zuga su shigo. An kwantar da tarzomar, an kuma rasa rai ɗaya daga cikin maharan.”

Zauren ya ɗauki salati. Wani ya ce ko'ina dai akwai 'yan fashi. Hajiya ta ajiye mara ta ce Allah ya ba mai gadin nan lafiya, ya tsare bayinsa daga azzalumai, su kuma maharan ai sun ga abin da suka nema. Abu Yusuf ya tambayi Umar me ta ce. Umar ya gaya masa. Ya gyaɗa kai kamar wanda dama abin da yake jira ke nan. Ya matso da jaridar gaban Hajiya, ya bi layukan da yatsa har ƙasa, ya tsaya a kan wata gajeriyar kalma.

Ya ce, “Wahid. Haza Yusuf.”

Wannan ba ya bukatar tafinta. Ɗayan nan shi ne Yusuf.

Tsohon ya zauna ya ba da labarin a hankali, Umar na bi, Hausarsa na karyewa. Ya ce bayan an ci mutanen matarsa da yaƙi tun zamanin kakanni, hukuma ta bar wa kowane dangi ɗan yanki ta ba su takarda. Maƙwabcinsu mai babbar gona ya kafa shingen waya. Duk bayan 'yan shekaru sai a wayi gari shingen ya matso. Ya cinye makiyaya, ya cinye rafi, har ya shigar da maƙabartarsu ciki. Surukinsa ya yi ta zuwa kotu a birni har ya mutu. Yusuf, da yake ya yi makaranta ya zama malami, ya gaji takardar da zirga-zirgar, shekara goma sha ɗaya. Ranar Talatar nan dangi suka fito, maza da mata, suka tuge turakun suka mayar da su inda takarda ta ce. Gaturan na sare turaku ne. Masu gadi suka zo a kan dawaki da bindigogi. Yusuf ya nufe su da takardar a hannu. Bayan ya faɗi ne ƙannen uwarsa suka fasa wa mai gadi kai, wani kuma ya cinna wa rumbun wuta.

Na ce ashe ƙarya suka rubuta. Ya girgiza kai. Ya ce rumbu ya ƙone, mai gadi ya ji ciwo, yana da 'ya'ya uku, shi ya ma san su, ya sayar wa uwarsu zare. Babu ƙarya ko ɗaya a shafin. Sun dai fara labarin ne daga ranar Talata. Sun rubuta sunan mai gadi da shekarunsa, sun ba mai gona layi huɗu ya yi magana, ba su tambayi ko mutum ɗaya daga dangin matarsa ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce Umar ya tambaye ni, a cikin abin da na karanta, wa ya kashe ɗansa.

Na mayar da jimlar a raina. An rasa rai ɗaya. Babu wanda ya kashe shi, rasa shi aka yi, kamar akuya a kasuwa. Kuma ba jaridar ce ta ba ni wannan ba. Ita cewa ta yi ya mutu, ni na ƙara gogewa. Shekara tara ina zuba “an” a duk inda ban so in faɗi wanda ya yi: an kwantar, an buɗe wuta, an yi asarar rayuka. Su kuma na ɗaya ɓangaren kullum da “sun” nake kama su: sun far wa, sun ƙone, sun tayar. Ban taɓa zama na shirya haka ba. Haka na tarar ana yi, kuma yana da daɗin karantawa.

Hajiya tana share ido da gefen mayafi. Ta ce ita ya kamata ta fi kowa sani, don in aka yi faɗa a Misfala, in Balarabe ne a ce wane ɗan wane, in namu ne a ce wani Takari, shi ke nan. Ta je ta durƙusa gaban tsohon ta ba shi haƙuri da Larabci. Sannan ta juyo kaina.

“Ɗan Rediyo, da bakinka ka sa ni yin zunubi. Sake karanta shi.”

Na tambayi tsohon shekarun Yusuf, da sunan da uwarsa ke kiransa, da ko ya bar baya. Na miƙe. Ban gyara murya ba, don ta ƙi gyaruwa. Na ce masu gadin wata gona sun harbe Yusuf, wanda mahaifiyarsa ke kira Nawel, malamin makaranta ɗan shekara talatin da shida, yana riƙe da takardar filin kakanninsa. Na ce ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. Na ce bayan haka danginsa sun raunata mai gadi ɗaya sun ƙone rumbu, kuma shekara arba'in ke nan ana rigima kan shingen. Abu Yusuf ba ya jin Hausa, amma ya ji sunayen biyu sun wuce a ciki. Ya sa Umar ya ce in maimaita wurin. Na maimaita. Kawu ya ɗaga shuɗayen hannuwansa ya ja Fatiha, duk zauren suka bi.

Washegari da hantsi ƙoƙon ya zo hannuna. Ɗacinsa na nan yadda na san shi.

Tare muka fita Minna da Arfa, don Kawu ya je ya yi ta rigima da muɗawwifi da hannu da ka har aka bar abokinsa ya shiga tantinmu. A Arfa tsohon ya yi addu'a da Larabci, sannan ya matso ya tambaye ni wani abu a hankali. Matarsa ba ta musulunta ba. Amma ita ce ta ce ya tashi ya je Ɗakin nan da yake fuskanta kullum ya kai maganar ɗansu, ta kuma koya masa wasu kalmomi da harshenta ta ce ya faɗa a can. Yana so ya san ko ya halatta. Na ce ni ba malami ba ne. Kawu ya matsa sai na gaya masa abin da ake cewa. Da ya ji, ya ce in gaya wa tsohon ya faɗa, Allah ba ya neman tafinta, mu ne nan muke fama da su. Tsohon ya juya ya fuskanci alƙibla ya faɗi kalmominsa. Ba su fi goma ba.

A wurin jifa Kawu ya rasa takalmi ɗaya, Abu Yusuf ma ya rasa ɗaya, kuma duka na hagu. Suka dawo tanti riƙe da juna suna ɗingishi suna dariya, kowa na nuna ɗan'uwansa. Ranar rabuwa Kawu ya ba shi rawanin da ya rina da hannunsa, shi kuma ya ba Kawu ƙoƙon da bututun da ragowar ganyen. Hajiya ta ɗaure wa tsohon yaji a tsumma ta ce ya kai wa matarsa, Ummu Yusuf. Ni ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, “Ya ibni, ɗana, ka riƙa tambayar suna.” Mu muka wuce Madina, shi ya nufi Jidda neman jirgin ruwa. Ya ce zai yi wata guda da wani abu a hanya.

Satina biyu da komawa aiki takarda ta zo teburina. Rikici ne tsakanin mutanen wani ƙauye a kan dutse da masu tsaron gandun daji. Takardar ta ce 'yan ƙauyen sun tayar da hankali, an maido da doka, mutum uku sun mutu. Na ɗauka na je wurin shugabanmu na tambaye shi su wane ne ukun, kuma wa ya kashe su. Mutumin kirki ne, shi ya koya mini aiki. Ya cire tabarau ya ce, “Alhaji Garba, mu fassara aka ɗauke mu. Saura minti ashirin.” Na ce ko a bar ni in ce masu tsaron ne suka yi harbi. Ya ce takarda ba ta faɗa ba, ni ma ban gani da idona ba, kuma gaskiyarsa ce. Labarin ya fita yadda ya zo. Abin da na iya kawai, ban ƙara masa gishiri ba.

Amma abin ya tsaya mini. Ranar Asabar na tafi tasha na yi ta tambaya har na samu wani direban babbar mota da ke ɗauko doya ta wannan hanya. Ya ce zai bincika. Bayan kwana tara ya kawo mini wata 'yar takarda da malamin makarantar ƙauyen ya rubuta da fensir. Sunaye uku ne, da na iyayensu. Ɗaya mace ce, ta je ɗebo itace a inda uwarta ta saba ɗebowa kafin a shata gandun. Labarin ya riga ya tsufa, ba mai sake karanta shi. Sai na tuna muna da filin sanarwar rasuwa da ta'aziyya ranar Juma'a da yamma, kuma ba a taɓa tambayar mamaci dalilin mutuwarsa kafin a saka shi ba. Na rubuta su ukun, da sunan ƙauyensu, da ranar da suka rasu, na sa a cikin jerin.

Ranar Juma'ar na hau jirgin ƙasa na tafi Zariya. Na tarar da Kawu a zaurensa da rediyo a gefe, yana fama da ganyen nan mai ɗaci, wanda duk gidan ba mai taya shi sha. Aka zo kan sanarwa, mai karantawa ya bi sunayen a hankali, ya ɗan yi tuntuɓe a na biyun don ba sunan Hausa ba ne. Kawu ya lura da yadda na kasa kunne.

Ya ce, “Garba, waɗannan namu ne?”

Na ce, “Ban san su ba, Kawu.”

Ya ajiye ƙoƙon, ya ce in sake faɗa masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada ya yi kuskure a addu'a.